Baba bai ga raƙuman dawa ba

Zuwa ga Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ina aiki, ina zaman Kwatano? Mu nan Birni kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Ka san shekara biyu ke nan Baba yana ƙin a yi masa aikin yanar ido. Satin da ya wuce ni da maigidana muka ɗauke shi a mota zuwa gandun dajin Gadabeji, don ya daɗe yana marmarin sake ganin raƙumin dawa kamar zamanin da yake farauta. Can muka kafa tanti muka kwana. Da safe mai gadin daji ya kai mu kusa da wani itacen farar ƙaya, ga raƙuman dawa uku suna cin ganye, ko taki ashirin babu tsakaninmu.

Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Hadiza, ina suke? Ni duhun itace kawai nake gani." Na kama hannunsa na nuna masa, bai gani ba. Muka naɗe tanti muka kama hanyar gida. Sai da muka wuce Tasawa ya ce, "Ki kai ni wurin lokotoron nan."

Yaya, na riga na karɓo randebu wurin likitan ido, ya sa mana rana, ran Alhamis za a yi aikin. Inna tana tsoro, Kawu yana cewa a ƙyale tsoho, amma wallahi ba zan janye ba. Ka kira Baba ka ƙarfafa masa zuciya kafin ranar.

Ka sa mu cikin addu'a. Ka gaishe mini da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza