Kibiya Na Neman Nafi'u

Lausu, daren Talata, bayan yankan dawa

Inna lafiya lau, zazzaɓin 'yata Hafsatu ya sauka. Ɗana Nafi'u ma yau ya cinye tuwonsa, alhamdu lillahi.

Tun da aka rufe gasar ƙwallo yaron nan ba ya sakewa. Ana ta sallamar 'yan wasa, shi kuma mutane ba su manta ƙwallon da ta wuce shi a wasan ƙarshe ba. Da la'asar kocinsu ya yi sallama, na zaci shi ma Nafi'u an cire shi ne.

Ya ce, "Hajiya, ƙungiyar Kibiya na son golanmu, su ba mu ɗan gaba. Na ce sai iyayensa sun yarda."

Na ce, "Wanda ake zagi har a kasuwa?"

Ya yi dariya. "Masu zagin ba su taɓa tsayawa a raga ba."

Na gode Allah, ashe ana ganin ƙoƙarinsa. Ni tsorona hawan babur kullum zuwa garin Kibiya. Amma na ga fuskar Nafi'u da aka ambaci Kibiya, bakina ya kasa cewa a'a.

Na aika wa Malam, babansa, saƙo can wurin ci-rani. Malam, don Allah ka amsa kafin Juma'a, koci na jiran amsarmu. Yaron har ya wanke takalmansa.