Rabi Ta Kasa Faɗin Sunanka

Ƙanena Sadisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman ƙasar mutane? Mu nan Gwarzo lafiya lau, sai ƙafar Inna da take ɗan tashi. Surukanka mutanen Kabo ma ƙalau suke.

Ba su ba matarka Rabi bizar zuwa wajenka ba. Ni na raka ta ofishin jakadanci a Abuja, kuma kada ka yi mata faɗa. Sun nemi hoton aurenku, ta miƙa na ɗaurin aure, ga shi maza ne zalla, tunda kana can Baffa ya karɓa maka. Sai ma'aikaciyar ta ce ta faɗi sunan mijinta. Ka dai san kunyar gidansu. Ta sunkuyar da kai ta ce "shi". Sau uku ana tambayarta, daga ƙarshe ta nuna sunan a takarda da yatsa. Suka ce ba su gamsu akwai aure ba.

Wani ya ce a nema mata bizar ziyara, in ta je ta maƙale. Baba ya ce ba da yawunsa ba. Waɗanda suka san harkar sun ce sai ka zo ku karɓi takardar aure, ku yi hotuna tare, a sake nema.

Ka zo, Sadisu. Jiya na wuce ta ƙofar ɗakinta, na jiyo tana maimaita sunanka a hankali, tana koyo, tana kuka.

Baba da Inna suna gaishe ka. Ka gaida abokan zamanka, ka sa mu a addu'a.

Yayarka,
Binta