Zaman Baba a Hawa na Goma Sha Shida

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ɗiyarki Rabi ce, daga Legas. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba, ko da ranki ma sai an karanta miki. Wasu ne daban za su karanta ta, amma ke nake yi wa bayani, domin ke kika ba ni amana, ya kuwa kamata ki ji yadda na yi da ita.

A asibiti a Gusau, kwana biyu kafin ki cika, kin ce mini: "Rabi, ki riƙe Babanku. Shi ko yunwa yake ji ba ya faɗi." Na ce to.

Bayan rasuwarki zaman Nahuce ya ƙara wuya. Gonar nesa ta daina shiguwa, an ɗauke mutum biyu a hanyarta, ɗaya ne ya dawo. Yaya Sani ya so ya kawo Baba gidansa a Damba, amma kin san ɗaki biyu ne da 'ya'ya shida. Na yi magana da surukinki Alhaji, ya ce ai ba sai an yi shawara ba. Da aka gama girbi muka ɗauko shi.

Ba ki taɓa ganin gidan da muke ciki ba, shi ya sa zan kwatanta miki. Bene ne mai hawa goma sha shida, na ƙarshen gaba ɗaya namu ne. Bangon falo gilashi ne daga ƙasa har sama. Akwai matakala da ke fita saman rufi, wanda ba mai hawansa sai mu. Kamar soron da ake hawa shan iska da bazara yake, sai dai ya fi tsakar gidanmu faɗi. An shimfiɗa masa katako, an kafa rumfa da kujeru, ga furanni a manyan tukwane, ga ɗan tafkin da jikokinki ke iyo a ciki. Daga nan ana hango teku da jiragen ruwa a jere suna jiran shiga tasha. Wuta ba ta ɗaukewa, sauro ba ya isowa. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina son gidan, har yau ma ina sonsa.

Ranar da Baba ya iso ya zaga ko'ina hannu a baya, kamar yadda yake zaga gona. Ya yaba, ya sa wa Alhaji albarka. Sannan ya tambaye ni ina ƙofar gidan take, inda maza ke zama. Na nuna masa lif, wato akwatin ƙarfen da ya hauro da mu. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi.

Mun ba shi ɗakin da ke kallon ruwa. Likita ya duba shi, aka daidaita masa hawan jini. Ana dama masa fura da nono na gaske, ana tuƙa masa tuwon dawa. Ya yi ƙiba, ya yi haske. Duk hoton da na tura wa 'yan uwa sai su ce Baba ya huta. Kiran salla ba ya hawowa inda muke, sai na sa masa a waya. Ran Juma'a direba ya kai shi masallaci ya dawo da shi. Sauran kwana shidan yana saman rufi da rediyonsa da casbaha. Bai taɓa cewa wani abu ya dame shi ba, ni kuma na ɗauki shirun nasa a kan jin daɗi.

A wata na biyu ya yi aboki. Wani dattijo ne Bayarbe, Alhaji Raufu, mai zama a hawa na goma sha biyar, daidai ƙarƙashinmu. A lif suka gamu. Baba ya yi masa sallama, shi kuwa ya amsa da Hausa har da tambayar mutan gida. Ashe yana saurayi ya yi aikin jirgin ƙasa a Gusau shekara da shekaru. 'Ya'yansa suna ƙasar waje, su suka saya masa wurin, suka ɗaukar masa mai jinya.

A gidan nan kowa da katinsa na lif, kuma kati hawan mai shi kaɗai yake kai mutum. Saboda haka suka yi dabara. Bayan la'asar kowa ya sauko ƙasa, su haɗu a kujerun da ke gaban masu gadi, sannan su hauro tare da katin Baba. Ni nake kai musu shayi da gyaɗa. Hirarsu ba ta wuce kasuwar Gusau ta dā, da auduga, da kogin Bungudu idan ya kawo. Alhaji Raufu ya kan tambayi mutanen da ya sani, Baba ya ce masa wane ya rasu, wane ma ya rasu, su yi musu addu'a su ci gaba. Tun da kika tafi, a nan na fara jin Baba yana dariya har da tari.

Wata Talata Baba ya sauka, abokin bai zo ba. Laraba ma haka, Alhamis ma haka. Ya tambayi masu gadi, suka ce ba a ba su izinin yin maganar mazauna gidan ba. Ya hauro ya tambaye ni ko akwai abin da na ji ya faɗa wa mutumin wanda zai ɓata masa rai. Na ce wataƙila tafiya ta kama shi.

Ran Juma'a wani mai gadi ɗan Sakkwato ya ja shi gefe ya gaya masa. Alhaji Raufu ya rasu tun safiyar Talata, an yi masa sutura, an kai shi kafin la'asar.

Inna, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A wannan Talatar na leƙa ƙasa daga saman rufi, na ga motoci sun taru a harabar gidan, ƙanana kamar kwalin ashana, da mutane cikin fararen kaya. Na ɗauka biki ne. Na koma ciki na ci gaba da abin da nake yi.

Baba bai yi kuka ba. Ya sa na nemo manajan gidan don ya yi ta'aziyya, aka ce ba kowa a ɗakin, mai jinyar ta kwashe kayanta, 'ya'yan kuma ta waya suka shirya komai. Ya zauna a kan buzunsa ya daɗe, sannan ya ce: "Ɗiyata, mutum ya mutu ƙarƙashin ƙafata ina shan shayi. Ban wanke shi ba, ban sallace shi ba, ban ɗauki makararsa ba. Ki mai da ni gida."

Na ƙi. Na lissafa masa hanyar Tsafe, da gonar da ba ta shiguwa, da asibitin da ke nesa. Na ce ke kika ce in riƙe shi. Ya ce ya sani, yana wurin, shi ba kurma ba ne. Bai sake ɗago maganar ba. Ya ci gaba da cin abincinsa yana godiya. Amma ya daina hawa rufi, ya daina kunna rediyo, da rana sai in same shi a kwance ya juya wa gilashin baya.

Sati uku muka yi a haka. Surukinki Alhaji ne ya ce mini mu ji tsoron Allah, kada mu mai da alheri kurkuku. Na kira Yaya Sani, ya ce tuni ya fara gyara zaurensa, domin Baba ya riga ya yi masa waya.

Muka sa shi a jirgi zuwa Kano, Yaya Sani ya tarbe shi da mota. Waya tana hannuna tun daga Funtuwa har suka wuce Tsafe suka shiga Gusau. Wata huɗu da kwana tara ya yi a wurinmu.

A Damba ma bai daɗe ba. Ruwan farko na sauka ya hau motar Bungudu ya koma Nahuce. Ya buɗe ɗakinki ya share. Ya shuka gero da wake a ƙaramar gonar bayan gari, ta nesan kuwa ya yi mana alkawari ba zai taka ta ba. Matar Kawu Isa ke aika masa da abinci. An ce ya rame, ya yi baƙi. Maganinsa ina turawa, ban da tabbacin yana sha yadda aka ce. Akwai ranakun da wayarsa ba ta shiga, sai in yi ta kiran maƙwabta har in sami wanda ya gan shi a masallaci.

Shekaranjiya na same shi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce in yi haƙuri, an haihu a gidan Malam Audu, shi aka ce ya raɗa suna, ga mutane can suna jiransa. Ya kashe wayar tun ban ce sai anjima ba.

To, Inna, ga yadda abin ya kasance. Ban sani ba ko na riƙe miki amanar ko na sake ta. Na tsare shi a inda ba abin da zai same shi, ya fara mutuwa a gabana. Na sake shi zuwa inda komai na iya samunsa, yanzu ba shi da lokacin yin hira da ni. Ke kika zauna da shi shekara arba'in da 'yan kai, kin fi ni sanin abin da kike nufi. In na yi kuskure ki yafe mini, Innata, kamar yadda kika saba tun ina goye a bayanki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya jiƙan Alhaji Raufu da sauran Musulmi. Allah Ya tsare mana Baba a gida da gona da hanya, Ya dawo wa ƙasarmu da zaman lafiya. Idan tasa ta zo, Allah Ya sa ya cika da imani a cikin mutanensa, a bayan rai mai tsawo.

Taki har abada,
Rabi.