Jami'armu Ba Ta Karɓar Kuɗin Keken Ɗinki

Daga Shugaban Babbar Jami'a, zuwa ga mai neman digirin koyar da kiwon lafiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta manya, muna sanar da ke cewa kujerunmu sun cika, har wani farfesa a kan bokiti yake zama. Ga shawara. Kwalejin nan ta bayan asibitin da kike aiki tana karatun Asabar da Lahadi. Ki yi shekara biyu a can, albashinki na tafiya, sannan ki zo mu ɗora ki a aji biyu. Kuɗinta bai kai na katifar ɗakin kwananmu ba.

Kuma labari ya iso ofishinmu cewa wani tela, mahaifinki, ya kira dillali ya duba kekensa saboda rajistarki, ya ce kada a gaya miki. Jami'armu ba ta karɓar kuɗin keken ɗinki.

Wassalam.

*

Ranka ya daɗe Shugaba,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa cikin ladabi. Tun da nake ban taɓa ganin jami'a ta yi rubutu da ajami ba, ga kuma shatin man keke a gefen takardar. Allah ya ƙara wa ofishinka tsabta.

Na yi dariya, da na kai ƙarshe kuwa sai na zauna. Shekara uku ina koya wa masu jego wanke hannu a barandar asibiti, ina mafarkin jami'arku. Ba za ta gudu ba. Jiya na cike fom ɗin kwaleji. A karanta wa Baba wannan. Keken da ya ɗinka mini kayan makaranta ba zai fita daga shagon ba.

A huta lafiya.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Dillali ya zo ranar Talata, ya taka keke ya taka, allura ko motsi, ya tafi yana tsaki. Da wasiƙarki ta iso na karanta wa Baba. Ya daɗe yana juya almakashi a hannu, sannan ya ce, "Allah ya yi mata albarka. Kai kuma, Shugaba, tashi ka ɗauko bel ɗin da ke juya keken daga inda ka ɓoye shi."

To, asiri ya tonu. Babu wani Shugaba, Yaya. Ni ne na rubuta, a kan teburin yanka yadi, da biron rubuta awo.

Ƙaninki da ba ya jin magana,
Auta.