Takabar Matar Ɗangiwa

Dogon Daji,
Ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Mannir,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma Sakkwato lafiya, ka iske iyali lafiya. Ya gajiyar zaman makoki? Allah ya bar zumunci.

Yau kwana goma sha biyu da rasuwar Malam, har yanzu zaure bai huta ba. Jiya matan Jabo suka zo, waɗanda ya yi ta zaryar sakatariyar Tambuwal dominsu har aka gyara musu famfo. Wani Bafulatani daga Kebbe ya tsaya yana hawaye, wai Malam Ɗangiwa ne ya hana a nome burtalinsu. Ni kuwa gidan nan nake kallo, da ya mayar asibitin dabbobi. Jaki mai gyambo, akuyar da babur ya karya, duk nan ake kawo su. Na sha yi masa tsiya cewa da tunkiya ce ni, da na fi samun kulawa. Sai ya yi dariya ya miƙo mini bokitin dusa.

Ka san ɗan kwikwiyon da ya tsinto a kasuwa ne ajalinsa. Mutumin da ya sha ɗaukar jama'a a babur ya kai su allurar cizon kare, da kwikwiyon ya cije shi sai ya wanke da sabulu, wai ɗan ƙarzane ne. Kwikwiyon ya mutu bayan kwana huɗu, muka ce sanyi ne. Ba ka ga kwanakin Malam na ƙarshe ba, Yaya. Ni na gani, kuma ba na iya rubutawa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da abin ya faru ni na riƙe kwikwiyon, Malam yana wanke masa ƙafa, ni ma ya kama ni a babban yatsa. Na yi shiru don ana ta cewa son karnuka ne ya kashe shi, ba na so a ƙara da cewa ya ja wa matarsa. Shekaranjiya na ce wa Gwaggo Atu, yayar Malam, ina son zuwa asibiti. Ta ce mai takaba ba ta taka ƙofar gida, ta jiƙa mini sassaƙe.

Tsoro nake ji, wallahi. An ce allurar ba ta amfani in ciwon haukan kare ya riga ya tashi, takaba kuma saura kusan wata huɗu. Zulfa shekararta uku, ba ta gama tambayar babanta ba.

Ka biya ka ɗauko Liman, shi kaɗai Gwaggo ke jin maganarsa. Kada Inna ta ji tukuna. Kuma kada ka jira ƙarshen mako, ka taso gobe. Tun safe yatsan ke mini ƙaiƙayi, ban sani ba ko tsoro ne kawai.

Ka gaishe da Hafiza da yara, ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Hamdiya