Azarar Ɗakin Inna

Ƙanena Sani,

"Yaya Binta, kafin ruwan farko zan kawo azara." Haka ka ce a zaure ranar Sallah. Ruwan farko ya sauka, na biyu ma ya sauka.

Ina gaishe ka. Ya aiki, ya Abuja, ya Rabi da yara? Mu nan Ƙofar Kwaya lafiya, ban da rufin ɗakin Inna.

Azara biyu sun tsage, ƙasa na zubowa dab da gadonta. Kai kuwa tunda soja suka sauka daga mulki ka sami kujera, sai ka aiko da kwanon rufi da wani kafinta mai cewa a rushe soron. Na kore shi. Azarar giginyar da Baba ya sa ta girme ka, kuma gara ba ta taɓa cin ta ba. Ita ke ɗauke da ƙasar da ke sanyaya ɗakin da bazara. Tsohuwa mai hawan jini za ka sa a ƙarƙashin kwano ta gasu? Jiya hadari ya haɗo, na roƙe ta ta koma ɗakina, ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya gina mata.

Ka gai da Rabi, ku sa mu a addu'a. Na ba ka zuwa Juma'ar ƙarshen wata. In azara ba ta iso ba, zan tafi Batagarawa da Malam Idi magini mu zaɓo, kwanonka kuma in rufa wa awaki. In Inna ta tambayi wanda ya kawo, ba zan ƙara rufa maka asiri ba.

Yayarka,
Binta