Baƙin Ruwa Ya Shiga Rijiyarmu

Assalamu alaikum Kawu,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya iyali? Allah ya sa kowa ƙalau.

Kawu, a Nahuce babu lafiya. Da rani Baba ya roƙi direbobin motar shara na Gusau su juye masa bola a gonar gangare don taki. Da suka gane hanya suka ƙi dainawa, har ta yi tudu. Yanzu in an yi ruwa, wani baƙin ruwa mai wari ke gangarowa rafi, har ya shiga rijiyarmu. Ƙanwata Hauwa'u kwana biyar tana gudawa. Na ce wa Inna tace ruwan da kallabi ba ya tsare cuta, ta ce, "To 'yar boko, me za mu sha?"

Mai gari ya ce hukuma ce kawai za ta iya hana direbobin. Don Allah Kawu, kai ka san ofisoshi, ka kai kukanmu. Baba kunyarka yake ji, tunda shi ya kira su. Kada ka ce ni na faɗa.

A gaida kowa. A sa Hauwa'u a addu'a.

'Yarka,
Rabi